Iskar da Ke Tulun Kazija

Alhamis, 3 ga Yuli, bayan azahar

Likita ya ce wata biyu ba ni ba ruwa. Dodon kunnena na hagu ya fashe, ya cusa min auduga, ya ce ko alwala zan yi in bi a hankali. Shekara goma sha huɗu ina sauka da baƙi ƙarƙashin teku, yau ga ni a bayan shago ina gadin injin da ke cika tulunan iska. Yana ta ihu, ni ina jinsa da kunne ɗaya. Wannan littafin na nutso ne, zurfi da mintoci nake rubutawa a ciki. Tunda babu zurfin da zan rubuta, bari in rubuta abin da ke cina.

A ƙofar shago akwai allon da ake rubuta masu sauka bibbiyu, don ba a shiga ruwa mutum ɗaya. Shekara takwas alli bai taɓa raba sunana, Vuai, da na Kazija ba. Matata ce, uwar 'yarmu Tatu, kuma ni na koya mata nutso lokacin da duk garin Kizimkazi, inda shagon yake, ke min dariya wai na kai matata kokawa da kifi. Yau da safe allon ya ce Kazija da Silima.

Da Silima muka tashi a Makunduchi. Shekara goma sha biyu yana Maskat, bana ya zo hutu don bikin Mwaka, wato sabuwar shekarar garinmu, da tumbi da agogo mai faɗin faranti da takardun nutso irin nawa. Ya ce wa Bi Rita mai shago zai riƙe min wurina har in warke, shi nishaɗi ne a gare shi. Ta rungume shi don murna. Kowa ya ce Vuai ya yi sa'ar aboki.

Yana tare da mu ranar Talatar can. Ba zan rubuta Talatar ba. Ruwa ne ya ja.

Asabar, 5 ga Yuli, la'asar

Kowane tulu ina cika shi har agogo ya nuna ɗari biyu, in ya dawo in duba agogon iska kafin in sake cikawa. Ba leƙen asiri nake ba, aikina ke nan yanzu.

Duk bakin tekun nan an san Kazija da ƙarancin shan iska. Sai Jamusawa su fito da talatin suna haki, ita ta fito da ɗari tana gyara ɗankwali. Shekara takwas ban taɓa ganin tulunta ƙasa da casa'in ba.

Yau hamsin. Na Silima arba'in.

Na tambayi Mzee Pandu mai tuƙin jirgi ko sun daɗe ne a ƙasa. Ya ce minti arba'in da biyar kamar kullum, ya ci gaba da naɗe igiyarsa. To me ke sa mutum ya sha iska haka? Ni da nake koyar da abin na sani: bugun zuciya ne.

Lahadi, 6 ga Yuli, da safe

Ta canza min auduga, ta ɗiga magani, ta ajiye min shayi da gurasar kwakwa. Hannunta a kan kunnena, idonta a kan taga. Kwana goma sha biyu ba ta tambaye ni komai ba. Da zagi ta yi da ya fi min sauƙi.

Talata, 8 ga Yuli, la'asar

Hamsin da biyar. Nasa arba'in.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan magariba

Silima ya zo gida da tsaraba. Mama, mahaifiyata, ya kawo mata turaren wuta da dabino, ni hular Omanawa, Kazija kuwa zannuwan kanga biyu masu ruwan zuma, irin waɗanda ba a samu ko a kasuwar birni.

"Matarmu, ga naki. Kada mata su yi wa abokina waƙa ranar Mwaka su ce bai saya miki sabon zane ba."

Kowa ya yi dariya, har ni. Haƙorana ne suka yi dariyar. Matarmu! Na san haka abokai ke cewa, ni ma na sha faɗa wa matan wasu, amma a bakinsa sai na ji kamar ya zauna a kan tabarmar sallata da takalmi.

Mama, Bi Miza, ba ta tsaya nan ba. Ta ce tunda iyayensa sun rasu kuma gidansu ya rushe, shi ne baƙonmu na Mwaka, a nan zai ci pilau, dafa-dukan bikin. Gida ba ya shiga sabuwar shekara babu baƙo, na sani, amma garin cike yake da Turawa masu kyamara, a tare ɗaya a hanya mana. Da na faɗi haka bayan ya tafi, Mama ta kalle ni sama da ƙasa ta ce kunne ne ya fashe min ko kunya.

Alhamis, 10 ga Yuli, azahar

Na hau mota na je birni na sayo kanga, kore mai ɗigon fari. Ta ce an gode, ta ninke ta sa a akwati, a kan na Silima. A kai dai, ba a ƙasa ba. Na daɗe ina juya wannan a raina, kamar mutumin da ba shi da aikin yi. Da ma ba ni da shi.

Asabar, 12 ga Yuli, la'asar

Arba'in da biyar. Nasa talatin.

Na tsaya a bakin ruwa ina kallon jirgi yana dawowa. Baƙi na ta hira da hannu, wai sun ga kififiya. Kazija tana can gaba ta lulluɓa da tawul, shi yana tsugune a gabanta yana magana ƙasa-ƙasa, ita tana gyaɗa kai. Da suka hango ni sai ya miƙe ya ɗaga min hannu yana washe baki. Wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya miƙewa da sauri haka.

Ni da ita muna da wata alama tamu a ƙarƙashin ruwa, ba ta cikin littafi. In ɗaya ya matsa hannun ɗaya sau biyu, yana tambaya ne, kana nan? Sai a mayar masa sau biyu. Ina so in san ko ta koya masa.

Litinin, 14 ga Yuli, da hantsi

Mzee Pandu ya shigo neman man inji, na zaunar da shi na ba shi kofi. Tsoho ne mai rowar magana, sai an bi shi da lallami. Da ƙyar ya ce sau uku ke nan yana ganin kumfarsu tana fitowa wuri ɗaya, kamar mutum biyu a kan tulu guda.

Na ce, "Wa ke ba wa iska, Baba?"

"Ni a sama nake, ɗana. Kumfa nake gani, kumfa kuma ba ta da suna." Ya shanye kofinsa, ya ce in na ga dama in tambayi matata, ai ba a can tsibirin Pemba take ba.

Bayan ya fita na ɗauko kayansu. Kowane mai nutso yana da bututu na biyu, mai ruwan ɗorawa, wanda ake miƙa wa wanda iska ta ƙare masa. Na Kazija lafiya lau. Na Silima an tauna robar bakinsa har ta kusa tsinkewa, kuma ƙananan haƙora ne. Na san haƙoran nan.

Sababbin shiga masu tsoro ne ke cizon roba haka. Amma Kazija ba ta san tsoro ba, ita ce ta taɓa korar kifin shark da tafin hannu. Saura wasa ke nan. Suna wasa a ƙasa, bakinta a kan bututunsa, ni ina nan ina cika musu iskar da za su yi wasan da ita.

Talata, 15 ga Yuli, magariba

Talata. Ban duba agogo ba yau. Ƙarya nake, na duba. Hamsin.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan la'asar

Mun koma Makunduchi gidan Mama, shago zai rufe Juma'a da Asabar da Lahadi. Gari ya fara cika. 'Yan birni sun zo da katifu a kan mota, ana ta yankan kaji, mata na zaune layi ana zana musu lalle. Ko'ina ka juya ƙamshin kanumfari da albasa.

Na yi niyyar tambayarta. Na same ta a bayan gida tana kankare kwakwa, na tsaya a kanta har ta ɗago.

"Lafiya, Baban Tatu?"

Na ce lafiya, wuƙa nake nema. Ta miƙo min. In na tambaye ta game da bututun, ita ma za ta tambaye ni nata, kuma nata ya riga nawa.

Alhamis, 17 ga Yuli, la'asar

Saba'in! Nasa sittin. Ta sauko daga jirgi tana dariya, dariyar da ban ji ba tun watan jiya, har ta daki kafaɗarsa. Ni ta wuce ni da sannu da aiki.

Da iskar ta ragu na ji haushi, yau ta ƙaru na fi jin haushi. Sun saba ke nan, zuciya ta daina bugu.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan sallar Juma'a

Gobe Mwaka. Maza sun watsu cikin gonaki suna yankan karan ayaba. Ni ɗan arewacin gari ne, Silima ɗan kudu, don haka gobe a fili muna fuskantar juna, kuma ba wanda zai ce uffan. Abin da aka yi ranar dominsa ke nan: ka daki wanda ke maka tsaye a wuya har karan ya farfashe, ku rungumi juna, shekara ta wanke.

Sai dai karan ayaba ruwa ne. Duka uku ya zama tsumma. Kakanninmu da sanda suke yi kafin a hana, kuma na ji tsofaffi na cewa a lokacin ne zuciya ke wankuwa da gaske.

Na samu sandar mkoko, itacen bakin tekun nan mai taurin ƙarfe, kaurin babban yatsa. Na tsaga kara mai kauri da wuƙar da Kazija ta ba ni, na kwantar da sandar a ciki, na ɗaure da zaren ayaba. Ba za ka gane ba sai ka ɗaga. Ba wai zan yi amfani da ita ba ne. So nake in ji nauyinta a hannuna kawai.

Asabar, 19 ga Yuli, magariba

Zan rubuta a jere, don in ban bi jere ba zan tsallake.

Da hantsi muka shiga fili a guje muna waƙa, 'yan kudu suka shigo ta nasu ɓangaren. Ƙura, ihu, samari sun sa rigunan mata da gashin doki, wani ya rataya tukunya a ka. Turawan da Kazija ta sauka da su shekaranjiya suna gefe da kyamarori, fatarsu ta yi ja kamar gasasshen kifi. Mata suka kewaye mu cikin ayari suna rera waƙar marowacin miji da bai sayi zane ba, suna nuna mutane da yatsa. Na hango Kazija a cikinsu. Kore mai ɗigon fari ta ɗaura. Nawa.

Na gani da idona. Ina so a san na gani, kuma ban ajiye karan ba. Cewa na yi a raina, wayo ne, don ta rufe min ido.

Silima ne ya nemo ni. Ya taho yana rawa da tumbinsa, karansa ya riga ya zama tsumma, yana ihu, "Kai kurma! Zo in buɗe maka ɗaya kunnen!" Ya shafa min karan a kafaɗa, a hankali, yana kauce wa gefen hagu don kada ya taɓa ciwon. Ya ɗaga hannun dama ya tare, yana dariya, yana jiran nawa.

Na ji ƙarar da kunne ɗaya. Ba irin ƙarar ayaba ba ce.

Ya durƙusa ya riƙe wuyan hannunsa. Bai yi ihu ba. Ya kalli karan, ya kalle ni, sai ya miƙo hannun hagu ya karɓe shi daga hannuna kamar mai karɓar wuƙa daga hannun mahaukaci. Lokacin an cinna wa bukkar ganyen kwakwa da ake ginawa don bikin wuta, dattijon da ke ciki ya fito a guje, jama'a sun ruga suna jifan wutar da ƙasa, kowa na kallon inda hayaƙi zai nufa don a san yadda shekarar za ta kasance. Silima ya kutsa cikinsu ya jefa karan a tsakiyar wutar. Ya dawo ya rungume ni da hannu ɗaya yadda aka saba. Ga duk wanda ya tambaya, cewa ya yi tuntuɓe ya yi ya faɗi a kan dutse.

A asibiti aka ce ƙashi biyu ne, aka sa masa filasta har gwiwar hannu. Duk da haka ya zo cin pilau, wai ba zai bar Mama ta shiga shekara babu baƙo ba. Da hagu ya ci, yana ba kowa haƙuri. Mama ta zuba masa nama, ni ta zuba min shinkafa zalla. Kazija ta daɗe tana kallon filastar.

Ko kirkinsa haushi yake ba ni. Allah ya gani, har yanzu haushi yake ba ni.

Lahadi, 20 ga Yuli, la'asar

Ya aiko in same shi a gindin mangwaron makarantarmu ta dā. Na tafi da shirin ya zage ni. Sai ya matsa min wuri a kan benci.

"Tambaye ni abin da ka kasa tambayarta," in ji shi.

Na ce bututun.

Ya ɗaga min filastarsa. Ya ce ta rantsar da shi kada ya faɗa min, amma hannun da ya yi rantsuwar da shi ya karye, sai Allah ya yafe masa. Tun daga Talatar nan, in ji shi, Kazija ba ta wuce mita goma sha biyu sai numfashi ya ƙwace mata. Shi ke jan baƙi gaba, ita tana riƙe da igiyar kafaɗarsa, idonta a waje. In iskarta ta yi ƙasa sai ya ba ta tasa, don kada ta fito da tulu wayam Bi Rita ta gane ta sallame ta. Kullum suna ƙara mita ɗaya.

"Ranar Alhamis ta kai sha takwas, mutumina. Ta sake ni minti biyar cur, ita ta nuna wa baƙi kififiya. Ita ce dariyar da ka ji. Sati biyu ya rage min na hutu, da sun isa."

Na ce me ya sa ba ta faɗa min ba.

"Cewa ta yi in ka san abin da ka yi mata, kunya za ta kashe ka. Ta ce gara ka ɗauka ba komai."

Ya tashi ya karkaɗe wandonsa da hagu. Ya ce jibi zai koma Maskat, aikinsa na hannu ne, gara likitocin can su duba. Bai tambaye ni dalilin sandar ba.

Litinin, 21 ga Yuli, bayan asuba

Talata, 24 ga Yuni. Bangon duwatsun murjani na ƙasan teku, zurfin mita talatin, ruwa yana ja amma ba fiye da yadda muka saba ba. Tsohuwar ragar masunta ta naɗe ƙafar Kazija. Abin minti ɗaya ne, ina da wuƙa. Na kama hannunta na sunkuya, sai robar bakina ta goce na shaƙi ruwa. Sau ɗari wannan ya taɓa faruwa da ni. Ban san abin da ya bambanta ranar ba. Ƙirjina ya rufe, kaina ya ce sama.

Ta matsa hannuna sau biyu. Na fizge.

Ina tashi ina kallon ƙasa, na ga fuskarta ta ɗago tana kallona, tana ƙanƙancewa. Silima ne ya bar baƙi ya koma ya yanke ragar. A jirgi na ce ruwa ne ya ja ni, jini na fita ta kunnena, kowa ya tausaya min. Su biyu ba su ƙaryata ni ba.

Ba ruwa ba ne. Na rubuta.

Talata, 22 ga Yuli, la'asar

Silima ya tafi da safe. Bi Rita ta ɗauko wani mai nutso daga garin Jambiani, ta rubuta sunansa kusa da na Kazija. Mutumin kirki ne, amma bai san komai ba, kuma ba wanda zai gaya masa. Na so in ce mata kada ta je. Na so in ce abubuwa da yawa. Na cika tulunta, na ɗora mata a jirgi da kaina, ta ce an gode.

Da suka dawo baƙi suka sauko shiru. Mzee Pandu ya ce ta sa kaya tsaf, ta zauna a gefen jirgi ta ba ruwa baya yadda ake yi, ya ƙirga mata uku har sau huɗu. Daga baya ta cire tabaran ruwan ta ce wa na Jambiani ya sauka da su shi kaɗai.

Ita ta ɗauko tulun da kanta har bayan shago, ta dire shi a gabana. Koren kangan ne a kafaɗarta.

Na ce, "Maman Tatu, Silima ya faɗa min. Ni ne na..."

"Na san kai ne. Duka biyun." Ba ta ɗaga murya ba. "Na farkon tsoro ne, Baban Tatu, kowa yana iya jin tsoro, da na warke da na manta. Na biyun zama ka yi ka ɗaure shi da zare."

Ta fita ta ƙofar gaba. Ina jin Bi Rita tana kiranta, ba ta tsaya ba sai a gaban allo. Ta kama gefen kangan ta goge sunanta, ta karkaɗe allin, ta bi hanyar mota.

Na ɗaura agogo a kan tulun, don hannuna ya saba. Kwana goma sha takwas ina roƙon Allah ya dawo min da tulun nan da iskarsa.

Ɗari biyu.